Lallen Bayan Randa

Me ya sa Kaka ta ba Tumba reshen lallenta, ni ba ta ba ni ba? Na girmi Tumba da shekara biyu, ni ke ɗebo ruwa, ni ke hura wuta. Yau haƙorana sun zube, ban sami amsa ba.

A ƙauyenmu na wajen Bukkuyum, in sanyi ya shigo, bayan an ci tuwo Kaka takan tara karan dawa ta kunna a ƙofar ɗakinta. Inna na gefe tana kaɗi. Tumba, ƙanwata, kullum tana kan cinyar Kaka, ni kuwa ina inda hayaƙi ke bi.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?" in ji Kaka. Mu ce, "Ta iso mu ji."

Ran nan ta ba mu tatsuniyar wasu mata biyu da suka dasa lalle rana ɗaya. Ta farko, da ganye ya tsiro sai ta tsinke ta daka ta ƙunsa, kowane biki hannunta ja wur. Ta biyu ta bar nata, damina uku tana zuwa biki da farin hannu, mata na yi mata dariya. A ta huɗu ya yi fure, ƙamshi ya tsallaka gulbi, har masu tallar nono suka riƙa sauya hanya don su bi ta bayan dangarta. Na waccan kuwa bai wuce gwiwa ba.

Na ce, "Kaka, ai mai jan hannu ta fi morewa."

Ta yi dariya har da tari. "Ku ji min Ige! Wagga ɗiya ko tuwo ba ta bari shi huce."

Da safe ta yanki reshe ta miƙa wa Tumba.

Aure ya kai Tumba Anka, ni Gummi. Reshen lallenta ya zama itace a can. Duk zuwan da za ta yi sai ta ƙullo fure a bakin gyale, mijina Malam ya shinshina ya ce, "Masha Allah, Tumba akwai hannu." Ni kuma in ce ciwon kai yake sa ni. Ya samo mini reshe ya dasa a bayan randa. Shekara da shekaru, kowace Salla, kowane suna, sai na tsige shi tas. Ina sane da tatsuniyar Kaka, hannuna ne ba ya ji.

Da Malam ya tsufa ya bar gona, sai ya kewaye lallen da ƙaya, wai saboda awaki. Awakinmu a ɗaure suke. A gindinsa yake alwala don ruwan ya sauka can, ya zuba masa takin tumaki, yana duba toho kamar mai duba jariri. Na yi kishin Tumba, na dawo ina kishin itace. Duk da haka nakan zura hannu ta ƙarƙashin ƙaya.

Ya rasu farkon damina. Mai takaba ba ta ƙunshi, wata huɗu da kwana goma ban taɓa ganye ɗaya ba. Kafin in fita, lallen ya yi fure, fari, cunkus, ƙamshi har zaure. Na zauna gabansa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe abin da Kaka ta koya mana a zama ɗaya, ni sai da na rasa miji na iya shi.

Na tuna ranar da ciwo ya kayar da Malam, ina tsaye kansa ina mita kan lallen, na ce ya tafi Anka ya shaƙi na Tumba tunda shi yake so. Ya kamo bakin zanena, murya ƙasa-ƙasa, kuma daga wannan bai ƙara magana ba:

"Haba Ige. So nike shi yi fure ki kira ta ta zo ta gani, ta ce naki ya fi."