Irin Albasar Baba a Barandar Muraqqabat

Mu shida ne a ɗakin nan na Muraqqabat, gado kan gado, kuma ni kaɗai ne mahaukacin da ya ce zai yi noma a Dubai. Aikina ɗaurin kaya ne a Murshid Bazaar, in yini ina naɗe kwalayen mutane da salatif ana kai su kargo. Amma gidanmu manoman albasa ne, kuma muna da irinmu na kanmu, ja mai yaji, wanda Baba ya karɓa daga hannun mahaifinsa.

Da na je gida bayan rasuwar Baba, Inna ta fito da kwalbar irin ta raba biyu, rabi ga ƙanena, rabi gare ni. Ƙanena ya shuka nasa, ambaliya ta cinye gonar gaba ɗaya. Shi ke nan ya zama abin da ke cikin jakata shi ne kaɗai ya rage a duniya. Irin albasa kuwa ba ya jiran mutum, in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi.

Da zafi ya fara karyewa a watan Oktoba, na roƙi bokitan fenti a wani gini da ake yi kusa da mu, na huda gindinsu, na cika da ƙasa na jera a baranda. Abokan ɗaki suka samu abin yi. Sarkin noma, suke ce min, yaushe za a fara lodi? Ban kula su ba. Na yi reno da irin gaba ɗaya, na yi dashe, ina ba su ruwa kafin in fita da kuma in na dawo. Rabi suka mutu. Sauran suka yi lawashi kore shar, suka ratsa sanyin da kyar, har suka yi kai.

Wanda bai sani ba zai ce an gama, alhali ba a ma fara ba. Albasa ba ta ba da iri a shekarar farko. Sai ka cire kawunan, ka adana su duk tsawon zafi, in sanyi ya dawo ka sake binne su, sannan su yi fure su ba ka iri. Abin da na samu bai cika ƙwarya ba. Na zuba su a buhun raga na rataye bayan ƙofar kicin, don can ne kawai iska ke ratsawa ba damshi. Na gargaɗi kowa. Duk zafin Dubai, irin wanda ke sa mutum ya tsani ransa, ina duba su ɗaya bayan ɗaya, in cire wadda ta fara laushi, zuciyata na ciwo.

Saura kaɗan in binne su sai yayar wanda ya girme mu duka a ɗakin ta zo sari daga Kano. Hajiya ce mai kirki, irin matan da ba sa iya ganin gwauraye ba su ɗora musu tukunya ba. Ranar Juma'a ta baro masaukinta a unguwar Naif da ledojinta, ƙaninta ya buɗe mata gida ya wuce masallaci. A wurinmu wa zai ce wa babbar mace kada ki taɓa abu kaza a kicin? Shi ma bai ko tuna da gargaɗina ba.

Muka dawo muka tarar da tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ci, na ƙara. Wallahi rabona da jin ɗanɗanon gida haka tun ina gaban Inna, har na ce mata Allah ya saka da alheri, hannunki akwai albarka.

Ta yi dariya ta ce, "Ba hannuna ba ne, ɗana. Albasar nan taku ce. Ina kuka samo ta? Ba irin ta kanti ba ce, har hawaye ta sa ni."

Na tashi da miya a hannuna na leƙa bayan ƙofa. Buhun na nan a rataye, babu komai a ciki.

Ban yi faɗa ba. Da wa zan yi? Da aka yi mata bayani, baiwar Allah ta ɗora hannu a ka tana salati, washegari ta aiko min da buhu guda na albasar Indiya. Na yi godiya, don haka aka koya mana. Ni kuwa tun ranar Juma'ar na zazzage kwandon shara, na tsince gindin da ta yanke ta yar, masu ɗan saiwa, na binne a bokitan. Uku suka tsiro, sirara kamar tsinken tsintsiya. Na yi ta lallaɓa su. Kafin sanyi ya kankama duk sun ruɓe.

Ina cikin wannan baƙin cikin Inna ta kira ni da rana, ina wurin aiki. Muryarta da fara'a. Ta ce ƙanena ya samu aron fili a gefen fadama, a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, har ya fara shara, yaushe zan aiko da irin?

Na fita daga shagon na tsaya tsakanin kwalaye na gaya mata komai.

Can ta ce, "Kai ka ci?"

Na ce, "Na ci, Inna."

Ta ce, "To. Gara da kai ka ci."

Ba ta iya kashe waya ba, kullum ni ke kashewa. Ban kashe ba. Ina ji ta kira ƙanena, ta ce masa ya je ya mayar wa mai fili filinsa.