Ɗakin Ƙanƙarar Ilyasu a Bakin Benuwe

Ranar da na fara shiga ɗakin Ilyasu da rarrafe, wandona ya yage daga baya, ƙarar har masu wanki a bakin kogi sai da suka waiwayo. Ya ce in yi haƙuri, haka manyan mutane ke shiga a ƙasar sanyi.

Ilyasu abokina ne, magini, haifaffen Ngong. Tun yana ƙarami yake taka laka da ƙaiƙayi, rabin katangun unguwarmu a Garwa hannunsa ne. Ƙanƙara kuwa bai taɓa ganin wadda ta fi ta cikin kular mai lemo ba. Sai surukinsa Hisham, da ke karatu can arewacin Turai, ya turo masa bidiyon ɗakunan ƙanƙara da ake kwantar da masu yawon buɗe ido. Shi ke nan, Ilyasu ya daina cin abinci da zafinsa.

Lokacin Madam Angèle, mai masaukin baƙi a bakin Benuwe, ta ba shi aikin bukka ɗaya ta gwaji. In ta yi mata, sauran bukkokin nasa ne. In ba ta yi ba, a rushe, a kira mai siminti.

Ya ɗaga kubba ta laka, bango mai kaurin kamu guda, ya shafe da farar ƙasa har ido ba ya iya kallo. Ƙofa ƴar tsugunne. Daga ciki ya haƙa rami, gado kuma ya ɗora shi can sama kusa da rufi, daidai yadda ya gani. Su can don ɗumi suke hawa sama, tunda zafi sama yake taruwa. Wannan bayanin da Turanci aka yi shi, Ilyasu kuma hoto kawai yake kallo.

Madam ta zo gwaji da tsakar rana a Afrilu. Ta rarrafa, ta hau gadon, mu muna leƙe. Can sai muka ji, “Ilyasu! Tanda na ce ka gina mini? Ni burodi ce?”

Ta sauko tana zuba gumi, tana kiran a kawo diga. Ilyasu ya dafa kafaɗata. Ta zauna cikin ramin ta sa takalmi. Ba ta fito ba. Muka sake leƙawa: ta miƙe ƙafa, ta jingina da bango, sanyin ƙasa ya kama ta.

“Ku sauko da katifar nan,” in ji ta. “Saman a shanya kifi.”

Aka ba shi sauran bukkokin. Ya dinga tsalle da rawani a hannu, yana godiya da Fulatanci, “Useko, Madam!”

Na ce, “To injiniya, saura ka sa a turo maka iskar can a buhu.”

Ya ce, “Wace iska, Malam? Shiga ka zauna ka ci gaba da surutu, dama fanka ce kaɗai ta rage.”