Sarkin Ƙuda

A gidanmu na Largo, can ƙasar Turawa, akwai murhun bango mai aiki da gas, ka danna maɓalli wuta ta tashi. Kakata Inna ta raina wutar nan ƙwarai. Ta ce wutar da ba ta hayaƙi, ba ta toka, ba ta gasa ko gyaɗa, hoton wuta ce kawai. Duk da haka lokacin sanyi, da an idar da Magariba, a gabanta take miƙe ƙafa, ni da ƙanwata Safiya mu zauna a gefenta ta yi mana tatsuniya. Shekarata tara a lokacin. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ake ce mini Ummi.

Inna 'yar masunta ce daga Yawuri, kuma matar masunci. Babana ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mai gidan nan". Likita ne, amma wani abokin aikinsa Bature ya koya masa wata sana'ar banza, in ji Inna. Zai zauna a teburin cin abinci da tabarau mai ƙara girma, ya danne ƙugiya a wani ɗan ƙarfe, ya yi ta naɗa mata gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro. Ranar Asabar ya ɗauki fatsa ya tafi rafi cikin duwatsu, ya kama kifi da ita, ya duba shi, ya mayar ruwa.

Ranar da Inna ta fara tambayata me yake yi, ni na ja masa. Turawa suna kiran abin da sunan ƙwaro mai tashi, ni kuwa ƙwaro mai tashi ɗaya na sani da Hausa. Na ce, "Ƙuda yake ɗaurewa."

"Ƙuda?" Ta riƙe haɓa. "Oh ni! Duk karatun nan a ƙuda ya ƙare?"

Baba bai gyara mini ba. Abu ɗaya yake so a wurinta, ta bi shi rafin sau ɗaya ta ga ya kama kifi da hannunsa. Wata yamma ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, jibi Asabar. Ki daure mu je, ko daga cikin mota ne ki gani." Ta ci gaba da kallon wutar. Sai da ya koma teburinsa ta juyo gare mu.

"Ga wata nan ta fito daga ruwa."

Muka ce, "Ta iso mu ji ta."

Wai an yi wani mutum a bakin kogi mai ƙyanƙyamin tsiya, ba ya iya taɓa tana. Sai ya fige gashin zabuwar maƙwabta ya ɗaura a ƙugiya. Wani ɗan karfasa sakarai ya haɗiya. Mutumin ya jawo shi, ya juya shi, ya yaba kyansa, ya jefa shi ruwa. Karfasa ya tafi gaban giwan ruwa, sarkin kifaye, yana kuka da yagaggen baki. Inna ta ƙanƙance murya: "Ranka ya daɗe, ban ci ba, ba a ci ni ba, ciwo kawai na samo!" Sai ta buɗe murya irin ta giwan ruwa: "Mai kama mu ya kai wa iyalinsa, wannan abokin gaba ne, muna ganin girmansa. Yana ba mu tana kafin ya yanka mu. Amma mai ba ka gashi ya yaga maka baki don nishaɗi, wannan ko suna bai cancanta ba." Kifaye suka daina kula shi. Kwaɗi ne suka tausaya masa, suka naɗa masa rawanin gansakuka, suka ce daga yau shi ne Sarkin Ƙuda, kuma ƙudajen garin suka raka shi har gida. "Ƙurunƙus, kan tarwaɗa."

Wallahi mun yi dariya har Safiya ta faɗi. Na tashi ina tafi ina waƙar Sarkin Ƙuda, ina zagaya teburin. Baba ya yi murmushi, ya tattara zarensa da gashinsa a akwati, ya sauka ɗakin ƙasa. Daga ranar a can yake aikinsa, kuma bai sake gayyatarta ba.

Na daɗe ina ɗaukar darasin tatsuniyar shi ne kada ka cuci abu don wasa, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Ina jami'a a College Park Inna ta rasu a Yawuri. Bayan an share makoki Baba ya dawo, ya zo ɗaukata daga jami'a, a mota yake gaya mini cewa yana ɗan shekara bakwai ta cire shi daga kwalekwalen babansa ta kai shi boko, ta rantse ɗanta ba zai yi ƙarnin kifi ba. Ko jefa koma ba a bari ya koya ba.

Ka ji fa! Ke Inna, ke kika raba shi da ruwa, sannan ya tsufa ya lallaɓa ya koma ta hanyar da ya samu, kika tara 'ya'yansa suka yi masa dariya. Ina son Inna, Allah Ya jiƙanta, amma wannan ba hikima ba ce, wulaƙanci ne aka naɗe da tatsuniya. Kuma wadda na fi rainawa a cikin lamarin ita ce yarinyar da ta yi tafi.

A motar na ce masa, "Baba, Asabar mai zuwa zan bi ka rafin."

Bai ɗauke ido daga titi ba. Ya ce, "Bar shi, Ummi. Ba abin kallo ba ne."