Giwan Ruwan Baffa

Ni mutum ne mai mantuwa, har makullin mota nakan nema yana hannuna. Amma ranar da aka kawo wa Baffa giwan ruwa gidana, ko tsufa ya kwashe mini komai na san ita ba za ta tafi ba. Har gobe idan na tuna ta, dariya ce ke fara zuwa, sai daga baya tausayi ya biyo.

Baffa yayan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Ya yi shekaru masu yawa yana sayar da kifi a kasuwar Kado da ke Abuja, ɗanye da banda, kafin ciwon daji ya kama shi ya sauka har ƙashin bayansa. Matarsa ta riga ta rasu, don haka na ɗauko shi ya dawo gidana a Garki, kusa da asibiti da kuma ma'aikatar da nake aiki. Baffa irin dattawan nan ne da ba su san kalmar "wash" ba. Ko mota ce ta taka masa ƙafa, idan ka ce masa yaya jiki, "da sauƙi" zai ce, har ya tambaye ka lafiyar direban.

Ana cikin yi masa magani sai wata likita ta same mu a asibiti. Ta ce su ba cutar suke bincike a kai ba, wannan akwai masu yi. Su mai cutar suke bincika: yana barci, yana cin abinci, zafin ciwon ya kai ina, me ke damun zuciyarsa, don a gano yadda za a sauƙaƙa wa mutum rayuwa alhali cutar na jikinsa. Baffa ya yarda ya shiga, ni kuma na zama mai rakiya da tafinta. Likitar Bayarabiya ce, Hausarta kuwa ta Abuja ce tsantsa, wadda namiji da mace duk ɗaya ne a cikinta. Ranar farko ta sunkuya ta ce masa, "Baba, kina jin ciwo?" Baffa ya dube ni ya ce cikin raɗa, cutar ma ba ta mayar da shi mace ba sai wannan baiwar Allah. Sannan ya juya ya ce mata da sauƙi.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Ta ce ya zaɓi lamba daga sifili zuwa goma gwargwadon zafin da yake ji, ya ce Alhamdulillahi. Ta ce Alhamdulillahi ba lamba ba ce, ya ce ai ta fi lamba. Ta kawo masa wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, ta ce ya nuna wadda ta yi daidai da yadda yake ji. Ya daɗe yana kallo, har na ce yau an dace, sai ya ɗora yatsa kan wata mai turɓune fuska ya ce wallahi wannan maƙwabcinsa ne na Kado mai sayar da ƙanƙara.

Ni dariya nake yi a lokacin, amma likitar ba ta yi. Ta ja ni gefe ta ce ta ga yadda yake damƙe hannun kujera idan zai tashi, ta ga kuma yadda yake ramewa. Maganin rage zafi akwai shi, mai ƙarfi da marar ƙarfi, amma ba za ta iya cewa a ƙara masa ba idan bakinsa kullum cewa yake ya samu sauƙi. Idan kuwa zafin ya ci gaba da hana shi ci da barci, jikinsa ba zai ɗauki sauran maganin ba. Na yi masa magana a mota. Ya ce shi ba zai zauna gaban 'yar cikinsa yana kai ƙarar Ubangijinsa ba, kuma in kula da titi.

Abin da ya kawo mafita wata leda ce. Wata rana likitar ta biya Kado kafin ta zo aiki, ta ajiye ledar kifinta a bayan ƙofar ofis. Muna shiga Baffa ya ɗaga hanci, ya ce a buɗe ya gani. Mutumin da sai an yi da gaske ake ciro kalma biyu daga bakinsa, sai ga shi yana lacca: wannan karfasa ta kwana, a dubi idonta, a dubi ƙarƙashin kunnenta, wa ya sayar mata, a wane layi. Likitar ta tsaya tana kallonsa baki buɗe. Can sai ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Baba, in ciwo naka kifi ne, yau wane kifi ne?"

Baffa ya shafa gemu. Wannan ba kai ƙara ba ce, maganar sana'a ce, kuma a maganar sana'a bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ya ce, "Tarwaɗa ce. Irin ta tsakiya, amma mai motsi."

Daga ranar aka samu ma'auni. Karfasa ɗan ciwo ne da ake iya hira da shi. Tarwaɗa mai hana sukuni ce. Giwan ruwa kuwa, wanda sai ƙarti biyu ke ɗaga babbansa, shi ne ƙarshe, kuma likitar ta ce duk ranar da ya kai nan a neme ta ko tana ina. Wata nas ta riƙa kiransa a waya tana tambayar kifin ranar. Sharaɗi ɗaya Baffa ya kafa: kada kowa a gida ya ji wannan magana, musamman maiɗakina. Surukarsa ce, ba zai yarda ta san yana raki ba.

Ita kuwa maiɗakina damuwarta ɗaya ce a duniya, Baffa ba ya cin abinci. Ta yi tuwo, ta yi fate, ta yi kunun gyaɗa, duk sai ya taɓa ya ce Allah ya yi albarka, kwano ya dawo kamar yadda ya tafi. Ga kunya ta hana ta tsayawa ta tambaye shi abin da yake so. Daga bakin ƙofa take gaishe shi, daga bakin ƙofa take komawa.

Ranar da abin ya faru ina wani taro a ma'aikata, irin wanda oga ke magana kowa na gyaɗa kai, waya kuma a kashe. Nas ta kira Baffa da hantsi. Shi kuwa idan yana waya, ɗauka yake sai ya ɗaga murya kafin ta isa inda za ta. Maiɗakina na shara a tsakar gida ta ji shi sarai yana cewa, "Yau giwan ruwa nake ji, 'yata. Tun asuba. Babba kuwa."

Ta jefar da tsintsiya. Baffa ya yi sha'awar abinci! Ba ta tsaya tambaya ba, ina ma za ta iya. Ta kira ƙanwata da ke aure a Karu ta yi mata albishir, ita kuma ƙanwata ba a gaya mata magana ta kwana a wuri ɗaya. Maiɗakina ta zari mayafi ta tari mota sai Kado. Nas ɗin kuwa ta ce wa Baffa a kawo shi asibiti yanzu, ya ce to, ya ajiye waya ya ci gaba da kwanciya, don a ganinsa ba a taso mutum daga wurin aiki saboda ciwon baya.

A Kado, maiɗakina ta yi kuskuren faɗin wanda za a dafa wa kifin. Nan take layi ya ɗauka cewa Baffa ya warke har yana neman giwan ruwa. Abokan sana'arsa suka ce ba a isa a kai masa ƙarami ba, suka zaɓo wanda ya fi kowanne girma, suka kuma ce ba za a bar mace ta kai shi ita kaɗai ba. Rufe rumfuna suka yi suka biyo ta, har da mai ƙanƙarar nan.

Da aka tashi taro na kunna waya, sai ga kiran nas a jere, ga kuma saƙon murya daga maiɗakina. Nata na fara saurara. Cike da murna take cewa: "Abban yara, albishirinka! Baffa da bakinsa ya ce giwan ruwa!" Ban san lokacin da na sauko daga bene ba. Tun da aka fara wannan ma'auni Baffa bai taɓa wuce tarwaɗa ba. Na kira nas ina tuƙi, ta ce sun gaji da nemana, ita da likita suna hanyar gidana.

Abin da na tarar a gida ya fi kama da walimar suna. Takalma sun cika ƙofa. Ƙanwata ta iso daga Karu da tukunyar da ake dafa abincin biki, ana jajjaga attaruhu, ana yanka albasa. A tsakar gida an shimfiɗa buhu, ga kifi kwance a kai kamar ɗan maraƙi, maza sun kewaye shi suna gardamar ta inda za a fara yanka.

Na kutsa ɗakin Baffa. Sun tashe shi zaune, sun jingina shi da matashi, har hula wani ya ɗora masa. Gumi na tsattsafo masa a goshi, leɓɓansa sun bushe, hannunsa ya damƙe bakin katifa. Mutane na shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa Alhaji ashe jiki ya yi kyau, shi kuma yana amsa wa kowa da sauƙi, da sauƙi. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Baffa, giwan ne da gaske?"

Ya ce, "Wanda ke tsakar gida ƙaninsa ne."

Ina tunanin yadda zan fitar da shi ba tare da na tona masa asiri ba, sai ga likita ta shigo gidan da jakarta, nas na biye. Ta yi turus a gaban kifin. Ta dubi kifi, ta dubi tukunya, ta dube ni da na leƙo daga ɗaki, sannan ta tambaya da ƙarfi, da iyakar gaskiyarta, "Oga, wannan ne ciwon Baba? Kun cire shi?"

Kowa ya juyo yana kallonta. Maiɗakina ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana tambayar wane ciwo. Ni kuwa alkawari ya ɗaure ni. Baffa ne da kansa ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce a shigo da likita, kuma kowa ya matso ya ji. A gaban abokansa da surukarsa ya ce giwan ruwan da ya ambata ba na ci ba ne, a bayansa yake, tun asuba yake cin sa, kuma ya gaji. Wannan ne karo na farko da na ji kalmar gajiya daga bakinsa.

Maiɗakina ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, rabi kunya rabi tausayi. 'Yan kasuwa suka dubi juna. Sai mai ƙanƙara ya yi gyaran murya ya ce, in dai haka ake yi, to shi ma a rubuta masa, gwiwarsa ta dama tarwaɗa ce tun bara. Wani ya ce ƙugunsa karfasa biyu. Kafin a jima kowa na faɗin kifinsa, nas na dariya har da riƙe bango, Baffa ma sai da ya murmusa yana cije leɓe.

Likita ta sallami kowa daga ɗakin, ta yi masa allura, washegari kuma aka sauya masa magani a asibiti. Ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Da ya farka ya ce wai ina farfesun nan da aka tara masa jama'a a kai. Maiɗakina ta kawo har gabansa da hannunta, ya sha rabin kwano, ya ajiye cokali ya ce, "'Yata, gishiri bai ji ba." Ta fito tana murna kamar an ba ta kujerar Makka, tana gaya wa kowa Baffa ya kushe mata miya.

Daga baya likitar ta gaya mini ta daina yawo da katin fuskokin nan. Kowane majiyyaci sai ta fara tambayar sana'arsa. Akwai tela da ke auna nasa ciwon da yadi, akwai direban da ke auna nasa da cunkoson hanyar Karu, wai yau irin na safiyar Litinin ne.

Baffa ya ƙara shekaru tare da mu, cutar na nan amma yana ci, yana barci, yana zuwa Kado jefi-jefi ya kushe kifin mutane. A gida aka daina ce masa yaya jiki a tsaya nan. Har maiɗakina takan tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baffa, yau me aka kamo?" ya kuma gaya mata gaskiya. A kwanakinsa na ƙarshe, wata la'asar ina zaune gefen gadonsa, na yi masa tambayar da muka saba. Ya buɗe ido, fuskarsa a sake, ya ce, "Yau ko karfasa babu. Kasuwa ta tashi."

Abin da na koya shi ne, "yaya jiki" gaisuwa ce, "da sauƙi" kuma amsar gaisuwa ce, ba labarin jiki ba. Mun yi watanni muna gaishe da Baffa safe da yamma, muna ɗauka kula da shi muke yi, shi kuwa yana kwance da giwan ruwa a bayansa shi kaɗai. Yanzu idan na je dubiya, nakan yi gaisuwar yadda aka saba, in karɓi "da sauƙi" ɗina. Daga nan sai in jawo kujera in zauna, in nemo wa mutum hanyar da zai gaya mini gaskiya ba tare da ya ji ya yi raki ba.