Tsagar da Kakata Take Bari a Taga

Jiya ina rataya rido, wato labule, a tagar ɗakina sai na tuna kakata.

Ɗakinta a Birni taga ɗaya gare shi, mai kallon yamma. Lokacin zafi takan sauke asabari a kanta, ta yayyafa masa ruwa, ɗakin ya yi duhu yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Amma kullum sai ta bar 'yar tsaga a gefe, rana na shigowa siririya. Na daɗe ina mamakin dalili.

Wata rana tana gyangyaɗi, na ja asabarin na rufe tsagar. Da ta farka ta dubi bango, ta kama hannuna.

"An yi la'asar?"

"Tun ɗazu, Kaka. Ba ki ji kiran salla ba?"

Ta ce, "Kunnen ya daɗe da tafiya, jikata. Bakin mutane nake kallo. In hasken tsagar ya taɓa ƙusar can ta jikin bango, sai in tashi alwala."

Duk gidan ba wanda ya sani, ni ma ban faɗa ba sai yau.

Allah Ya sanyaya makwancinta, Ya karɓi sallolinta, har da wadda na sa ta makara.