Hassumi da Kalmar "Da Sauƙi"

Hassumi ba likita ba ce, matar wani ɗan kasuwa ce daga Maraɗi. Amma duk Bahaushiyar da ciwo ya kama a unguwar Ainu Shams ta ƙasar Masar, ƙofarta take bugawa. Ita za ta ja mace zuwa asibiti, ta yi mata tafinta da Larabcin Masar, ta tsare likita sai ya duba da kyau.

Abu ɗaya ke ƙona mata rai: likita ya tambayi jiki, mace na murƙususu, ta ce da sauƙi.

"Sauƙin me?" Hassumi kan daka mata tsawa. "Bamisire bai san kawaicinmu ba! Kina cewa da sauƙi, khalas, shi ke nan, ya sallame ki. Faɗi inda ke ciwo!"

Raliya maƙwabciyarta ta sha wannan faɗan, kuma shi ya ceci cikinta na fari.

A shekarar 2014 Hassumi ta soma ramewa, hawan bene ma sai ta tsaya ta huta. Raliya ta lura, ta ce, "Yaya Hassumi, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji ta, tana gyara mayafi za ta raka wata awo.

"Allah ya ƙara sauƙi," Raliya ta ce, ta koma kan girkinta. Bayan wata huɗu aka yi jana'izar Hassumi.

Har yau abin na cin Raliya. Duk matan nan da Hassumi ta yi wa tsawa, an rasa ko ɗaya da za ta tare ta, ta ce, "Sauƙin me?"