Allura ta Biyu

Bazarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyukanmu na fadamar Auyo, masu rigakafi suka kafa teburi a ƙofar mai unguwa, aka yi wa kowane yaro allura ɗaya. Har da 'yar ƙanwata da nake riƙo tun rasuwar uwarta. Da ƙanjamau aka haifi yarinyar, kuma duk garin daga ni sai Allah muka sani. Na san mutanena sarai. Ranar da maganar ta fita, ba yaron da za a sake bari ya sa hannu a kwano ɗaya da ita.

Shi ya sa duk zuwa karɓar maganinta a Haɗejiya sai na ɗora kwandon bandar kifi a ka, kamar kasuwa za ni. Mu a nan mace ta ce asibiti za ta, kafin ta dawo 'yan dubiya sun cika tsakar gida, kowacce da tambayarta a baki.

Ranar da na je da ita asibitin, wata malamar jinya mai yawan murmushi ta tare ni. Ni fa ban yarda da mai yawan murmushi ba.

"Inna, ita sai an ƙara mata ta sanƙarau," in ji ta. "Garkuwar jikinta ba ta riƙe allura ɗaya kamar ta sauran yara. Za mu kuma ɗibi jini mu ga ko ta kama."

"Jini? Ku kai ina?" na ce. "Yaran gari kaf allura ɗaya ta ishe su, sai marainiya za ku yi gwaji a kanta? Don kun ga ba ta da uba?"

Ba ta yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mini zargi. Cewa kawai ta yi, "Kin ga wanda ciwon ya kama bana?"

Na gani mana. Ɗan maƙwabcina, wuya a sandare, ya tashi amma har yau ba ya ji. Na miƙa hannun yarinyar, raina bai so ba, idona a kan kwalbar jinin har aka fita da ita.

Washegari damtsen ya kumbura. Muna bakin kogi muna wanki sai matar mai kwalekwale, wadda ko ƙuda ya wuce sai ta san inda za shi, ta kama hannun.

"Ke 'yar nan, allurar tun yaushe, ba ta sace ba? Ko wata aka ƙara miki?"

Ina laluben abin faɗa, sai na ji muryar yarinyar, ko gezau.

"Rina ce ta harbe ni, Gwaggo."

Wallahi ban koya mata ba. Ban taɓa gaya mata tana da abin ɓoyewa ba. Ta ɗago ta dube ni, tana jira ta ga ko ta faɗa daidai.